"An saya an sayar" ba aya ba ce, ba kuma doka ba ce

Baffana ya yi shekara 35 yana koyarwa a makarantar firamare. Da kuɗin sallamarsa suka fito, bayan jiran da ya kusa cinye masa haƙuri, sai ya yanke shawarar sayen mota ya ba babban ɗansa ya riƙa jigilar fasinja tsakanin Kano da Zariya, abin da aka samu a riƙa cefane da shi. Ni na raka shi wajen masu sayar da motocin. Har yanzu ina ganin motar a idona: Sharon ce mai ruwan toka, an wanke ta tas, an shafe tayoyin suna ta ƙyalli, an fesa turare a ciki. Dillalin ya ɗaga bonet ya ce, "Malam, gani ya kori ji. Ko ɗigon mai ba za ka gani ba. Saukarta ke nan, ba ta taɓa aiki a ƙasar nan ba." Aka tayar da ita, injin yana kaɗawa lafiya lau. Muka zaga unguwa da ita, ko minti goma ba mu cika ba, don dillalin ya ce man da ke ciki ba shi da yawa. Ciniki ya faɗa, mai mota ya sallama, Baffa ya biya, ya ba da la'ada, aka yi addu'a aka shafa.

A rana ta tara, motar tana cike da fasinja, daf da Kwanar Ɗangora, tururi ya turnuƙe daga gaba, ta mutu murus. Sai da aka nemo janwe ya jawo ta gida. Washegari bakanike ya zare sandar gwajin baƙin mai ya nuna mana. Man ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya shiga cikinsa. Da ya sauke kan injin sai ga tsaga, ga kuma shaidar an taɓa like ta. A cikin lagireto akwai daskararren maganin nan da ake zubawa don ya toshe yoyo na ɗan lokaci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ciro allon gaban direba: ƙwan da ke kunnawa idan injin ya sami matsala an rufe shi da baƙin salatif daga ciki. Bakaniken ya dubi Baffa ya ce, "Baba, wannan ciwon ba na jiya ba ne. An san da shi, lallaɓa shi aka yi har ya shiga hannunka."

Muka koma wajen mai motar. Bai ɗaga murya ba, har kujera ya sa aka kawo wa Baffa. Ya ce, "Malam, ai ƙarfe ne. Ko sabuwa dal ka saya tana iya ba ka matsala. An saya an sayar. Kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Dillalin kuwa cewa ya yi shi haɗa su kawai ya yi. Waɗanda ke zaune a wurin suka taya da cewa, "Sai haƙuri, Malam, ka ɗauki ƙaddara."

Wannan magana ta "an saya an sayar" ita nake so mu zauna mu duba, domin ta zama garkuwar da ake kare ha'inci da ita a kasuwar motocin hannu, mu kuma masu saye mun karɓe ta kamar wani hukunci da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Ra'ayina a fili yake: aibin da ke jikin mota tun kafin a sayar da ita, wanda mai saye ba shi da hanyar ganinsa kuma ba a gaya masa ba, nauyinsa yana wuyan wanda ya sayar. Addininmu haka ya ce, dokar ƙasa ma haka ta ce. Mu ne muka bar haƙƙin ya kwanta.

Karin maganar rariya gaskiya ce, amma ba a nan take ba. Ramukan rariya a bayyane suke, don su ma aka saye ta. Wanda ya sayi motar da ta shekara 15 a kan titi ya san kujerunta sun sha zama, ya san birki zai buƙaci canji, batir zai iya gajiya, wata roba za ta tsage, wani bel zai tsinke. Wannan tsufa ne, kuma an rage masa kuɗi saboda shi. Duk wanda ya koma wa mai mota da ƙorafin taya ta yi faci bayan sati biyu, neman rigima yake. Amma kan injin da ya tsage aka like, da giyar da ke zamewa aka ɗura mata mai mai kauri don ta yi shiru na kwana biyu, da motar da aka yanka gida biyu aka haɗa da walda aka bi da fenti, waɗannan ba tsufa ba ne. Mutum ne ya zauna ya yi dabarar da za ta hana ɗan'uwansa ganin abin da in ya gani ba zai saya ba.

Irin wannan dabara ba sabuwa ba ce, kuma shari'ar Musulunci ta yi mata hukunci tun kafin a san mota. A zamanin Manzon Allah (SAW) wasu kan bar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki ba a tatsa ba, hantsarta ta cika ta yi tantsan, mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Annabi ya hana wannan, ya kuma ba wanda aka sayar wa zaɓi bayan ya tatsa: in ya so ya riƙe, in ya so ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma a wata ruwaya ta Muslim an ambaci kwana uku. Ku dubi hikimar da ke ciki. Ciniki ya riga ya faɗa, an biya, an kora dabba gida, amma duk da haka ba a ce "an saya an sayar" ba, saboda yardar da mai saye ya bayar an gina ta a kan yaudara. Ban ga bambanci tsakanin ƙulle hantsar tunkiya da like ƙwan gargaɗi da salatif ba.

Kowane ɗalibin Islamiyya ya san labarin tarin abincin da Annabi ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Risala kuwa, ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta fayyace a babin ciniki cewa bai halatta a ɓoye aibi ba, kuma bai halatta mai kaya ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda in ya faɗa mai saye zai ƙi ta, ko kuma faɗarsa zai rage mata kuɗi. Wannan ma'auni ya isa a rataye shi a ƙofar kowane wurin sayar da mota. Duk abin da ka san in ka faɗa farashi zai sauka, to shi ne abin da ya wajaba ka faɗa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya sami tsohon aibi a kayan da ya saya yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa, kuma mai sayarwar da ya san aibi ya yi shiru, cewarsa "na sayar maka yadda ka gan ta" ba ta wanke shi.

Abin da ke ba ni ciwo shi ne yawancin waɗanda ke wannan sana'a ba jahilan waɗannan hukunce-hukunce ba ne. Da su ake cika sahun gaba. Sai dai an raba kasuwa da masallaci, har ya zama idan mutum ya faɗi aibin motarsa abokan sana'a su ce bai iya kasuwa ba.

Ta fuskar dokar ƙasa ma mai saye ba maraya ba ne. Akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Dokar ta wajabta wa ɗan kasuwar da ke sayar da kayan hannu, ko waɗanda aka yi wa kwaskwarima, ya bayyana hakan ƙarara. Ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya game da kaya. Ta ba mai saye haƙƙin samun kayan da za su yi aikin da aka saba sayensu dominsa. Sashe na 132 kuma ya ce a cikin wata uku da karɓar kaya, idan suka gaza cika wannan sharaɗi na inganci, mai saye yana iya mayar da su, ɗan kasuwar ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Hukumar ta sha nanata cewa rubutun nan na "ba a mayar da kaya bayan an biya" da ake mannawa a kantuna ko a ƙasan rasit ba ya soke haƙƙin da doka ta bayar. A Kano ma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, akwai kuma kotunan ƙananan ƙararraki da Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo baya, waɗanda aka yi su don mutum ya nemi haƙƙinsa na kuɗi cikin gaggawa ko da bai ɗauki lauya ba. Ga kotunan shari'ar Musulunci a jihohinmu, inda alƙali ya san babin aibi ciki da bai.

Baffa bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ga shi malamin makaranta. Ina ga direban da ya tara kuɗin adashi shekara huɗu, ko matar da ta sayar da gadonta ta saya wa ɗanta abin neman abinci? Doka tana kwance a takarda cikin Turanci, su kuma masu buƙatarta suna tsaye a rana a gaban wanda ya fi su kuɗi, ya fi su baki, ya fi su mutane.

Ya kamata kuma mu san daga ina waɗannan motoci suke fitowa, don a nan ne girman matsalar yake. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufo. Najeriya tana cikin manyan masu karɓa. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa daga Amurka a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA ake sayensu, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci, waɗanda aka ga gyaransu a can ya fi ƙarfin darajarsu. Guguwar Harvey kaɗai, da ta afka wa birnin Houston a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Sayen mota mai hatsari a gyara ta ba laifi ba ne, sana'a ce, kuma da ita talaka ke samun abin hawa. Laifin yana wajen wanda ya ga hotonta a ragargaje kafin ya saya, ya kai ta wajen masu gyaran jiki aka cike ta da fila aka fesa fenti, sannan ya tsaya ya rantse wa mai saye cewa ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Motar da ruwa ya ci kuwa ta fi kowacce mugunta, domin tsatsa a hankali take cin wayoyi, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe mota ta mutu a tsakiyar titi, bakanike da mai gyaran waya su yi ta lalube.

Akwai kuma sauran dabarun da duk wanda ya zauna a gareji ya sani. A juya lambar tafiya, motar da ta ci kilomita dubu ɗari uku ta koma dubu tamanin. A cire abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi a sayar daban, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. A bar ramin jakar iskar da ke kare direba lokacin hatsari fayau bayan ta fashe, a like murfin kamar tana nan. Wannan na ƙarshe ya wuce cin dukiya, wasa da rai ne. Sai kuma takardun kwastam. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashoshin ruwa, amma 'yan Kwatano ba su daina bin ɓarauniyar hanya ba. Mutum ya sayi mota da takardun da ya ɗauka na gaske ne, sai a tare shi a hanya a ce dutin bogi ne, a kama mota. Wannan ma aibi ne ɓoyayye, ko da injin yana aiki kamar agogo.

Da can in mota ta ba mutum kunya, yakan iya cijewa ya gyara. Tun daga 2023, da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin mota da na kayan gyara sun yi tashin gwauron zabo. Injin hannu ɗaya yanzu yana iya cinye abin da ƙaramin ma'aikaci zai samu a watanni masu yawa. Kuskure ɗaya a sayen mota ya isa ya durƙusar da gida.

Ba zan yi wa masu sayar da motoci kuɗin goro ba. Na san waɗanda za su ce maka, "Alhaji, wannan giyarta tana da 'yar matsala, na rage maka kaza, in ka ga za ka iya." Irin waɗannan ba sa rasa masu saye, mutum ya saya ya kawo ƙaninsa. Kuma suna da nasu kukan da ya kamata a saurara. Akwai mai sayen da zai karɓi mota lafiyayya ya ba yaro, yaro ya yi ta gudu da ita ba ruwa a lagireto har injin ya buga, sannan a dawo ana ihun an cuce su. Akwai wanda zai kai ta gareji a kwance kaya masu kyau a sa matattu, ya dawo da ita. Akwai wanda matarsa ce kawai ta ce launin bai yi mata ba, sai ya laƙa wa motar ciwo. Saboda haka ba cewa nake duk motar da ta tsaya a mayar ba. Magana ce ta hujja, kuma injin ba ya ƙarya ga wanda ya iya karanta shi. Bakanike mai gaskiya yana iya bambance tsagar da ta shekara da wadda ta faru jiya.

Inda ake samun saɓani na gaske shi ne idan mai sayarwar shi ma bai san da aibin ba. Ya saya a hoto, an sauke masa a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, ya wanke ya ajiye, aibin ya fito a hannun mai saye bayan kwana biyar. Ba ha'inci a nan, to wa zai ɗauki asara? A ganina har yanzu mai sayarwa ne, muddin sana'arsa ke nan. Shi ke sayar da mota 30 ko 50 a shekara, yana iya sa irin wannan asara a lissafinsa kamar yadda mai tumatir ke lissafa wanda zai ruɓe a kwando. Shi ke da makanikai a hannu, shi ya san inda ya sayo, shi ke da damar bincike kafin ya kasa. Mai saye kuwa wataƙila sau ɗaya zai sayi mota a rayuwarsa. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba wanda ya sayi mota a wajen ɗan kasuwa, ko ta hannu ce, kwana 30 ya mayar ya karɓi kuɗinsa in ta fito da aibi, kuma in ya nemi gyara a cikin wata shida na farko, ɗan kasuwar ne zai tabbatar da cewa aibin ba ya nan lokacin ciniki. Kasuwar motocin hannu ba ta mutu a can ba saboda wannan. Abin da ya faru shi ne mai sayarwa ya koyi duba kayansa da kyau kafin ya kasa. Wanda ya sayar da motar hawansa don wata buƙata ta taso masa, shi lamarinsa daban ne, ba za a ɗora masa abin da ake ɗora wa ɗan kasuwa ba. Amma shi ma faɗin abin da ya sani wajibi ne a kansa.

Sai dillali, wanda ya ce shi haɗawa kawai ya yi. Wannan magana ba ta da asali a al'adar kasuwancinmu. A harkar shanu da goro ta fatake, maigidan da baƙo ke sauka a wurinsa shi ke tsaya wa ciniki, sunansa ne jingina. In aka sami tangarɗa shi ake nema, kuma ya san ranar da ya bari aka cuci baƙonsa, ranar ya fara rasa baƙi. Har gobe a kara irin ta Wudil ko Maigatari ko Potiskum, dillalin da ya san darajar kansa ba ya sa bakinsa a kan dabbar da yake shakka. La'ada kuɗin amana ce. Wanda ya ce "na san motar nan, ka saya a kan maganata," ya karɓi la'ada a hannun mai saye, wani lokaci ma ya karɓa a ɓangare biyu har da ƙarin da ya ɗora a ɓoye, ba shi da bakin cewa babu ruwansa ranar da magana ta tashi.

Kalmar ƙaddara kuma, wadda aka yi wa Baffa ta'aziyya da ita, ina jin nauyin yadda muke amfani da ita. Mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana a bi haƙƙi ba, in ba haka ba da ba a naɗa alƙalai ba. Haƙuri ado ne ga wanda aka zalunta in shi ya zaɓa da kansa, yana da ikon karɓar haƙƙinsa ya yafe. Wanda aka taru aka rufe masa baki da "ka bar wa Allah" alhali wanda ya cuce shi yana zaune yana lissafin riba, wannan danniya aka yi masa. Sau da yawa ma kunya ce ke kashe maganar: dillalin ɗan unguwa ne, mai motar surukin wane ne, kada a ce dattijo yana jayayya a kan abin duniya. Haka motar gaba za ta faɗa hannun wani, da salatif ɗinta.

Wasu kuma in ransu ya ɓaci sai su nufi ofishin 'yan sanda a kamo mai mota. In akwai zamba a fili, kamar takardun bogi ko motar sata, wannan hurumin hukuma ne. Amma saɓanin ciniki zalla ba na 'yan sanda ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Yawanci kuɗi ake ƙara ɓatawa, gaba ta ƙullu, mota tana nan a kwance.

Abin da nake ganin zai yi aiki ba ya buƙatar jiran Abuja. Ƙungiyoyin masu sayar da motoci suna da shugabanni, suna karɓar kuɗin ƙungiya, suna iya hukunta ɗansu in sun ga dama. Su fito da takarda guda ɗaya, da Hausa da Turanci, wadda ba za a sayar da mota a wurinsu ba sai an cike ta. A rubuta lambar jikin mota, wato haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba, a rubuta abin da lambar tafiya ta nuna, a rubuta ko ta taɓa hatsari ko shiga ruwa, ko an taɓa buɗe injin ko giya, da duk aibin da aka sani. A rubuta cewa an tsaya wa injin da giya na kwana kaza, ko da 30 ne, in dai ba gangancin direba ba. Mai mota ya sa hannu, dillali ya sa, shaidu biyu su sa. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ya koya mana rubuta mu'amalar bashi da kafa shaidu idan an yi ciniki. Mai gaskiya ba abin da zai rasa a wannan takarda, hasali ma ita za ta raba shi da maha'inta, ta sa motarsa ta fi daraja. Hukumomin kare masu saye na jihohi su shiga gidajen rediyo su yi wa mutane bayani da harshen da suke ji. Malamai kuma, da suke karantar da babin ciniki da misalin raƙumi da dabino, su riƙa kawo misalin kan injin da lambar tafiya, don mai sauraro ya gane da shi ake.

Kafin a kai can, mai saye ya taimaki kansa, kada ya yi cinikin biri a sama. Ka je da bakanikenka, wanda kai kake biya, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Ka je da sassafe a tayar da motar a gabanka tana sanyi, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye abubuwa da yawa. Ka sayi mai da kuɗinka ku hau babban titi, ku yi tafiyar da za ta sa ta yi zafi sosai, wannan shi ne kuskuren da ni da Baffa muka yi da muka yarda da zagayen minti goma. In ka murɗa makulli kafin ta tashi, ka tabbata duk fitilun gargaɗi sun kama sannan su mutu, wanda bai kama ba a tambayi dalili. A sa mata na'urar bincike. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba laka ko tsatsa. In daga Amurka ta zo, lambar jikinta tana iya fito maka da tarihinta a intanet, wani lokaci har da hotunan ranar gwanjo. A tantance takardun kwastam kafin kuɗi su fita. Ka biya ta banki, ka karɓi rasit mai suna da lambar mota. In kuma ta lalace, kada ka bari a wargaza injin kafin ka sanar da wanda ya sayar maka. Ka kira shi, ka tura masa saƙo a rubuce, ka ɗauki hoto, a buɗe a gaban wakilinsa in zai yiwu. Kada ka ci gaba da hawa bayan ka ga aibin, domin a fiƙihu ma ana iya ɗaukar hakan a matsayin ka yarda da shi.

Baffa bai je kotu ba, ya ce shekarunsa sun wuce zaryar kotu. Amma bai ɗauki shawarar a bar wa Allah a yi shiru ba. Ya sa aka saka kan injin a buhu, muka ɗauki bakaniken, muka je wajen shugaban masu sayar da motoci na wurin. Sai da aka yi zama uku. A zama na biyu mai motar ya ce shi ma haka ya saye ta, sai shugaban ya ɗauki allon da aka like da salatif ya ajiye a gabansa, ya tambaye shi ko Turawa ne suka like. Bai amsa ba. Aka yanke zai biya rabin kuɗin wani injin, dillali ya mayar da la'adar da ya karɓa. Rabin da ya rage sai da Baffa ya sayar da shanun huɗarsa biyu da ke ƙauye. A hanyarmu ta dawowa na ce masa, "Baffa, ai da mun matsa da duka za su biya." Ya ce, "Na sani, ɗana. Ƙarfina ke nan."

Motar ta koma hanya bayan wata biyu da rabi. Tsohon kan injin yana nan a zaurensa cikin buhu. 'Yan gwangwan sun taya sau biyu, ya ce ba na sayarwa ba ne, kuma duk wanda ya zo masa da zancen zai sayi mota sai ya sa yaro ya jawo buhun ya nuna masa inda aka like.